Ruwa Ya Janye, Kada Ku Sha Na Rijiyar Nan

Mutanen Kigo Road, Unguwar Rimi, Malali, Rafin Guza da Kabala Costain, ku buɗe kunne. Duk shekarar da Kogin Kaduna ya cika ya batse a Agusta ko Satumba, ku ne kuke kwana a waje da 'yan komatsanku. An gani a 2003, an kuma gani a 2012. Amma makon da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ruwa yake janyewa, kowa ya ɗauki tsintsiya ya koma gida yana cewa an tsira.

Da sauran rina a kaba. Ruwan da ya mamaye tsakar gidanku sai da ya bi ta masai, ya kwaso kwata da bola, sannan ya gangara cikin rijiya. To, taku nawa ne tsakanin shadda da rijiya a gidajenmu? Bayan kwana biyu ruwan zai kwanta, a jawo guga a gan shi garau, alhali ƙwayar kwalara tana ciki, ido ba ya ganinta. In ta kama mutum, amai da gudawa kan tsotse ruwan jikinsa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙato ma tana kayarwa, balle goyo.

A 2021 Hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Arewa ce ta fi jin jiki. A Maiduguri, madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Wata guda bai cika ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Saboda haka kada wanda ya sha ruwan rijiyar da ambaliya ta taɓa sai an kwashe ta, an zuba mata kulorin. Kafin nan a tafasa ruwan sha, har da na wanke kwanon yara. Ɗan ga-ruwan da ya turo kura ƙofar gida, a tambaye shi inda ya ɗebo, ba rashin kunya ba ne. Duk wanda gudawa ta kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha ana tafiya asibiti. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce bari gari ya waye.

Masu unguwanni da limamai, akwai naku. Idan hukumomin agaji na NEMA da SEMA suka iso da shinkafa, katifa da barguna, a karɓa a yi godiya, amma buhun shinkafa ba ya gyara rijiya. Ku nemi kulorin da tankar ruwa da ma'aikatan lafiya tun ranar farko, musamman a makarantun da ake tsugunar da jama'a, inda ɗaruruwa ke layin bayan gida ɗaya. Rabon kayan abinci ya fi daɗin ɗaukar hoto, shi ya sa sai an matsa kafin a tuna da ruwa.

Sannan katangar ƙasar da ta kwana cikin ruwa, kada a shimfiɗa wa yara tabarma a gindinta, ko da ta bushe daga waje. Wayar lantarkin da ta jiƙe kuwa, a bar wa mai gyara ya duba kafin a mayar da wuta.