Takardar da Ba a Rubuta Suna: Yadda Makarantu Suke Tambayar Ɗalibai Halin da Suke Ciki

A shekarar 1998, in aka tara yara ɗari 'yan shekara 15 zuwa 16 a ƙasar Aisilan, za a tarar 42 daga cikinsu sun sha giya har sun bugu a cikin watan da ya wuce, 23 kuma kullum sai sun busa sigari. Zuwa 2016 masu buguwa sun koma 5, masu sigari 3. Yaran ne da kansu suka ba da waɗannan alƙaluma, a cikin aji, a kan takardar tambayoyi da ba a rubuta suna.

Yadda aka daɗe ana yi shi ne, malami ya shigo da takardu da ambulan, ya raba. Kowane yaro ya cika tasa, ya sa a ambulan, ya liƙe da hannunsa, malamin bai ga ko layi ɗaya ba. Ana tambayar yaro ko ya taɓa shan giya ko taba, amma yawancin tambayoyin a kan rayuwarsa ta yau da kullum suke. Yaya yawan zamanka da iyayenka? Sun san inda kake da dare? Sun san abokanka da iyayen abokanka? Sau nawa kake zuwa wasanni a mako? Kana jin daɗin makaranta?

Da masu bincike, cikinsu har da Inga Dóra Sigfúsdóttir ta cibiyar ICSRA da ke Reykjavik, suka jera amsoshin, sai abu ya fito fili. Yaran da suke yawan zama da iyayensu, suke da wasa ko wani abin yi a ƙarƙashin kulawar manya, suke jin ana kula da su a makaranta, ba sa kuma yawon dare, su ne suka fi nisa da shaye-shaye. Kowace kaka ta san wannan. Sabon abin shi ne, kowace ƙaramar hukuma da kowace makaranta takan karɓi nata sakamakon cikin wata biyu zuwa uku, tun yaran da suka amsa suna nan a ajinsu. Shugaban makaranta ya kira taron iyaye ya ce ga abin da 'ya'yan unguwar nan suka faɗa bana, ga na bara. Iyayen da za su yi hamma in ana karanta musu rahoton ƙasa baki ɗaya sukan gyara zama idan aka ce maganar 'ya'yansu ce.

Aka kuwa yi aiki da abin da aka ji. Doka ta hana yara 'yan 13 zuwa 16 yawo a waje bayan ƙarfe 10 na dare, sai a lokacin bazara da ake ɗaga musu zuwa 12. Iyaye suka riƙa sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu, cewa ba za su bar 'ya'yansu su yi shagali babu babba a wurin ba, wasunsu ma suna zagaya unguwa da dare. Birnin Reykjavik ya fito da kati da ake sa wa kuɗi duk shekara, domin yaro ya shiga ƙungiyar wasa ko ajin kiɗa ko zane. Tsakanin 1997 da 2012, matasan da suka ce suna yawan zama da iyayensu a ranakun aiki sun tashi daga kashi 23 zuwa 46 cikin ɗari.

Sai dai a faɗi gaskiya, shan giya tsakanin matasa ya ragu a ƙasashen Turai da dama a wannan tsakanin, don haka ba za a jingina wa takarda da ambulan dukan nasarar ba. Aisilan kuma ƙasa ce mai arziki da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Duk da haka raguwar da aka gani a can ta yi zurfi ƙwarai, har aka fitar da tsarin zuwa wasu ƙasashe da sunan Planet Youth.

A Ingila an faɗaɗa tambayar. Shirin #BeeWell, wanda Jami'ar Manchesta da cibiyar Anna Freud da gidauniyar iyalan Gregson suka kafa tare da hukumar yankin Manchesta, ya fara a 2021, kuma a shekarar farko ɗalibai kusan 40,000 daga makarantun sakandare sama da 160 suka amsa. Matasa kusan 150 aka zauna da su wajen tsara tambayoyin, abin da ya dace, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana tambaya a kan barci, kaɗaici, cin zali, motsa jiki, damuwa, da ko yaro yana da wani babba da zai kai wa kukansa. Sakamakon farko ya nuna 'yan mata sun fi maza fama da damuwa, kuma kusan ɗaya cikin uku ne kawai na ɗaliban yake motsa jiki na awa guda a rana kamar yadda likitoci suke so.

Akwai wata dabara a tsarin Manchesta da ta cancanci a tsaya a kanta. Sakamakon kowace makaranta nata ne ita kaɗai, ba a buga shi a jarida a ce wannan ta ɗaya, waccan ta kashin baya. Na unguwanni ne ake fitarwa kowa ya gani. Dalilin a fili yake: ranar da aka fara auna shugaban makaranta da yawan yaran da suka ce suna cikin farin ciki, ranar za a fara yi wa yara huɗuba kafin a raba takarda, alƙaluman su yi kyau, yaron da ake duka a bayan banɗaki ya ci gaba da shan dukansa. Haka nan idan ajin ƙarami ne, ko yarinya ɗaya ce tak a cikinsa, rashin suna ba ya ɓoye kowa. Shi ya sa tsari mai kyau ba ya nuna sakamakon rukunin da mutanensa ba su da yawa.

Babban abin tsoro shi ne a tambaya a yi shiru. Yaron da ya rubuta cewa yana tsoron hanyar makaranta, shekara ta zagayo bai ga komai ba, karo na biyu zai cike takardar ne da ka. Makarantar da ta san abin da take yi takan koma wa ɗaliban da sakamakon, ta zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ta iya, kamar sa malami a lungun da ake cin zali lokacin tara, sannan baɗi ta duba ko amsa ta canja.

A Najeriya ana ƙidayar makarantu duk shekara, ana lissafa azuzuwa da malamai da kujeru da banɗakuna, amma ba a cika tambayar ɗalibi ko ya karya kumallo ba. Ga shi binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Makarantun gwamnati suna da kwamitocin kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyoyin iyaye da malamai waɗanda za su iya karɓar irin wannan sakamako su zauna a kansa. Kuɗin bai wuce na takarda da ambulan ba. Wahalar tana wajen karatu, domin ɗalibai da yawa ba za su iya karanta doguwar tambaya da Turanci ba. Dole a rubuta ta da Hausa a gajarce, wani wanda ba malamin ajin ba ya karanta da ƙarfi, kowane yaro ya sa alama a tasa takardar, a kuma raba zama yadda na kusa ba zai leƙa ba, ko da sai an fitar da rabin ajin gindin bishiya.