Mai jego tana kuka a ɓoye: ciwon da muke kira sangarta

A gidan suna idon kowa yana kan jariri. Ana duba kayan barka, ana gardamar wa ya biyo, ana tsokanar angon ƙarni. Da wuya a samu wadda za ta ja mai jego gefe ta ce, "Ke fa, yaya zuciyarki?"

Alhali tambayar tana da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 13 cikin 100 da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kai 20 cikin 100, wato mace ɗaya cikin biyar.

Me ke jawo shi?

Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka ƙaru a jikin mace lokacin goyon ciki suna sauka cikin 'yan kwanaki. Sai ga rashin barci, ga jinin da ta zubar, wata kuma ga rashin kulawar miji ko matsin abin hannu. Ciwo ne da ke iya kama malama da 'yar kasuwa, mai haihuwar fari da mai ta bakwai.

Iri uku ne, kada ki haɗa su

Na farko shi ne saurin kuka da ɓacin rai a kwanakin farko. Mata da yawa suna yinsa, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu.

Na biyu shi ne ciwon damuwa. Idan an haura mako biyu tana cikin ƙunci, ba ta jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi, tana ganin ta gaza a matsayin uwa, to lokacin ganin likita ya yi.

Na uku bai da yawa, mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, amma shi ne na gaggawa. Mai jego za ta rikice, tana sambatu, tana jin muryoyi ko zargin za a cutar da ita. Wannan, ko furucin cewa gara ta mutu, a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri.

Bakinmu ke hana su magana

"Allah Ya ba ki ɗa kina kuka, wannan ai rashin godiya ne." "Kishiya ce ta yi mata sammu." Irin waɗannan kalamai ke sa mace ta haɗiye ciwonta, don tsoron a kira ta mahaukaciya, a daina neman auren ƙannenta. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mai hawan jini shan maganinta.

Ana warkewa

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Za ki iya farawa da ma'aikaciyar jinya ranar rigakafin jariri. Ana yin magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararru, ko ƙwayoyi, kuma akwai waɗanda mai shayarwa za ta iya sha bisa umarnin likita. Sukan ɗauki makonni kafin a ga sauyi, don haka kada a yanke su da ka. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare masu larurar daga wariya da wulaƙanci.

Idan kina da mai jego a gida, ki karɓi jaririn ta samu barci, ki saurare ta ba tare da faɗa ba. Bayan arba'in ma, sa'adda 'yan barka suka ɗauke ƙafa, ki ci gaba da leƙa ta.