Minshari da gyangyaɗi a bakin aiki: Abin da ya kamata direbobi da ma'aikatan Funtuwa da Malumfashi su sani game da na'urar baki

Daga fara girbin masara zuwa ƙarshen cirar auduga, barci kan yi ƙaranci a yankin Funtuwa da Malumfashi. Manyan motoci na lodin hatsi a kasuwannin Ɗandume da Bakori, masu injin sussuka na bin gonaki, masana'antun gurzar auduga kuma na shirin buɗe aiki. Funtuwa ita ce mahaɗar hanyoyin da suka nufi Zariya da Gusau da Sakkwato da Birnin Gwari, da wadda ta ratsa Malumfashi zuwa Yashe. Idan direba ko mai kula da inji ya yi gyangyaɗi a irin wannan lokaci, gajiya ake ɗora wa laifi, a miƙa masa goro ko shayi mai kauri.

Sai dai akwai waɗanda ko da sun kwana takwas cif na awanni a shimfiɗa, da nauyin kai suke tashi. Matsalar irin waɗannan mutane a maƙogwaro take, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin magance ta wata 'yar na'ura ce da ake sakawa a baki, wadda ba ta buƙatar lantarki.

Mece ce toshewar numfashi a barci?

Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaronsa kan saki. A wajen wasu mutane, harshe da naman bayan ganɗa sukan faɗa baya su matse hanyar iska. Idan hanyar ta ƙuntata, naman ya riƙa karkarwa, shi ne minshari. Idan ta rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan ƙanƙanin lokaci domin ya ja numfashi. Da safe ba zai tuna ko ɗaya ba.

Likitoci na ƙirga yawan faruwar haka a cikin awa guda. Sau 5 zuwa 14 mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. Ƙiba da kaurin wuya da ƙaramar haɓa da yawan shekaru na ƙara haɗarin kamuwa, kuma ta fi yawa a tsakanin maza. Idan aka bar ta, tana da alaƙa da hawan jini mai wuyar sauka, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, ya kuma sanya Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Kamfanin ResMed mai ƙera na'urorin barci ne ya ɗauki nauyin aikin.

Me ya sa ta shafi ma'aikaci?

Mai wannan larura kan yi barci na daƙiƙu kaɗan da rana ba tare da ya sani ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 60 a cikin daƙiƙa uku. Wani bincike da aka yi a Sifen, wanda ya fito a 1999, ya gano cewa direbobin da numfashinsu ke tsayawa sau 10 ko fiye a awa sun ninka sauran kusan sau shida wajen yiwuwar yin hatsari. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2009 ya tsaya a kan fiye da ninki biyu. Tun 2014 Tarayyar Turai ta sanya cutar cikin abubuwan da ake dubawa wajen ba da lasisin tuƙi.

Haɗarin bai tsaya kan titi ba. Hannun da ke tura zangarniya cikin injin sussuka, ko wanda ke aiki kusa da bel ɗin injin gurza, ƙiftawar ido ta ishe shi rasa yatsu. Goro da shayi suna ɓoye alamar ne kawai na ɗan lokaci. Su kuwa tiramadol da kodin, waɗanda wasu ke sha da sunan ƙarin ƙarfi, suna danne numfashi a barci, su ƙara dagula lamarin.

Injin iska da matsalar wuta

Babban maganin da aka fi sani shi ne injin CPAP, wanda Colin Sullivan ya gabatar a birnin Sidni na Ostireliya a 1981. Injin na hura iska ta wani abin rufe hanci domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe, kuma babu abin da ya kai shi rage tsayawar numfashi. Amma yana son wuta daga kwanciya har asuba, kullum. Mutumin da ke ƙauye a Ƙafur ko Ɗanja, ko direban da rabin kwanansa a tasha yake yi, sai ya tanadi batir ko sola kafin injin ya amfane shi. Ko a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, mutane da yawa kan ajiye injin saboda takurar abin rufe fuskar.

Yadda na'urar baki ke aiki

Na'urar faranti biyu ce ta roba mai tauri, ɗaya na rufe haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, an haɗa su ta yadda muƙamuƙin ƙasa zai ɗan matso gaba da milimita kaɗan. Da yake harshe a jikin wannan muƙamuƙi yake manne, matsowar na janye shi daga bangon maƙogwaro. Likitan haƙori ne ke ɗaukar siffar haƙoran mutum a ƙera masa tasa, sannan a riƙa ƙara matsowar sannu a hankali cikin makonni har minsharin da gyangyaɗin su lafa. Ana wanke ta da buroshi da ruwan sanyi, tana kuma shiga aljihun riga.

A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na likitocin haƙori masu kula da barci a Amurka suka fitar da ƙa'idar haɗin gwiwa, inda suka amince a ba da ita ga manyan da suka kasa jure CPAP ko suka fi son wata hanya, da sharaɗin a ƙera ta daidai da bakin mai ita kuma a iya daidaita ta. A wani gwaji da aka yi a Sidni a 2013 kan mutum 126, injin ya fi rage tsayawar numfashi, amma mutane sun fi daɗewa da na'urar baki a cikin dare, kusan awa shida da rabi a kan awa biyar da 'yan mintuna. A ƙarshe sakamakon hanyoyin biyu ya zo kusan ɗaya ta fuskar gyangyaɗi da gwajin tuƙi. Wani gwajin a Singafo a 2024 ya nuna na'urar ba ta gaza injin ba wajen saukar da hawan jini.

Wa ta dace da shi, wa ba ta dace da shi ba?

Ta fi aiki ga mai larura mai sauƙi ko matsakaiciya, marar ƙiba sosai, da wanda matsalarsa ke tsananta idan ya kwanta rigingine. Tana buƙatar haƙora masu ƙwari, kimanin takwas zuwa goma a kowane muƙamuƙi, da lafiyayyen dasashi. Mai haƙora masu girgiɗi ko ciwon gaɓar muƙamuƙi sai an fara yi masa magani. A makonnin farko akan samu yawan miyau ko bushewar baki da tsamin muƙamuƙi da safe. Bayan shekaru tana iya sauya yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, shi ya sa ake komawa wurin likitan haƙori a kai a kai.

Akwai masu araha da ake tallatawa a intanet, waɗanda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Irin waɗannan ba su kai wadda aka ƙera wa mutum inganci ba, kuma suna iya rage ƙarar minshari alhali numfashi na ci gaba da tsayawa. Haka nan cire beli a wajen wanzami ba ya warkar da ita, domin toshewar ta haɗa da tushen harshe da bangon maƙogwaro.

Daga ina za a fara?

Wanda ke kwana kusa da mutum shi ke fara ganewa: matar aure, ko yaron mota, ko abokin ɗaki. Idan sun ce yana minshari mai ƙarfi, ya yi shiru, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi, lokacin ganin likita ya yi. Akwai tambayoyi takwas da ake kira STOP-Bang, waɗanda aka tsara a Kanada a 2008, da ma'aikacin lafiya zai iya yi cikin mintuna da tef ɗin awo da ma'aunin jini. Sun haɗa da minshari, gajiyar rana, hawan jini, shekaru sama da 50 da kaurin wuya. Wanda ya amsa da e a uku ko fiye yana buƙatar ƙarin bincike.

Ana iya fara wannan a Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, a nemi takardar turawa zuwa asibitocin koyarwa na Shika ko Katsina ko na Malam Aminu Kano. Gwajin barci ne ke tabbatar da cutar da girmanta, kuma ana maimaita shi da na'urar a baki domin a ga ko ta yi aiki. Rage ƙiba, kwanciya a gefe da barin magungunan sa barci suna taimakawa tun kafin nan.

Sauran aikin na shugabannin tasha ne da masu motoci da masu masana'antu. Rassan NURTW da NARTO, tare da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC, za su iya shigar da waɗannan tambayoyi takwas cikin gangamin wayar da kan direbobi kafin kaka. Amma ma'aikacin da ya san faɗin gaskiya zai raba shi da makullin mota ba zai faɗa ba. Dole a ba shi tabbacin cewa wanda aka samu da larurar za a tura shi magani, ya koma bakin aikinsa idan gwaji ya nuna numfashinsa ya daidaita.