Birtaniya: Yadda Zaman Kaso Ke Katse Karatun Yara

A Ingila da Wales, doka ta yarda a gurfanar da yaro ɗan shekara 10 gaban kotu. Idan ya kai shekara 15, alƙali na iya aika shi ɗaya daga cikin gidajen tsare matasa masu laifi, irin su Feltham a yammacin Landan ko Wetherby a yankin Yorkshire. Wannan kuwa shi ne lokacin da tsaransa ke shirin jarrabawar kammala sakandare, wadda ake zaunawa a shekara 16.

Akasarin waɗannan yara sun riga sun yi hannun riga da aji tun kafin a kama su. Da dama an taɓa korar su daga makaranta, wasu kuma karatu da rubutu ma na ba su wuya. Saboda haka ne doka ta tanadi cewa duk wanda bai wuce shekarun karatun dole ba a ba shi darasi na aƙalla sa'o'i 15 a mako, kuma a 2015 gwamnati ta ɗaga burinta zuwa sa'o'i 30.

Sai dai tanadin takarda daban, abin da ke faruwa a bayan ƙofa daban. A watan Oktoban 2024, hukumar duba makarantu ta Ofsted da ofishin babban sufeton gidajen yari sun fitar da rahoton haɗin gwiwa da ya ce ingancin ilimi a waɗannan gidaje ya shafe shekaru goma yana ja da baya. Rahoton ya nuna cewa wasu yaran kan wuni a kulle a ɗaki, har sa'o'i 23 a rana.

Babban dalili shi ne tsaro. Yara da yawa na shigowa da gabar ƙungiyoyin daba daga unguwanninsu, don haka gandirobobi ke ajiye jerin sunayen waɗanda ba za a haɗa su wuri ɗaya ba. Sakamakon haka, ba a duba ƙwazon yaro ko sana'ar da yake so wajen sa shi a aji, sai dai a duba da wa zai iya zama ba tare da faɗa ba. Idan kuma ma'aikata suka yi ƙaranci, babu mai raka shi ajin, darasin ranar ya tafi ke nan. Kazalika, hukuncin 'yan watanni ko sauya wa yaro gida kan katse kwas ɗin da ya fara kafin ya samu takardar shaida.

Abin lura shi ne yawan yaran da ake tsarewa ya ragu ƙwarai, daga kimanin 3,000 a 2008 zuwa ƙasa da 500 a 2024. Amma waɗanda suka rage su ne masu manyan laifuffuka da matsaloli masu sarƙaƙiya, kuma fiye da rabin waɗanda aka saki kan sake aikata laifi cikin shekara guda.

Tunanin gyara yaro ta hanyar koyarwa ba sabo ba ne. A 1902 aka fara tsarin Borstal a wani ƙauye mai wannan suna kusa da Rochester, kuma mulkin mallaka ya yaɗa shi zuwa wasu ƙasashe. Gidan horar da kangararrun yara na Kaduna daga nan ya samo sunan Borstal. Birtaniya ta soke tsarin da wata doka ta 1982.

A 2016, Charlie Taylor, wani tsohon shugaban makaranta da gwamnati ta ɗora wa alhakin nazarin lamarin, ya ba da shawarar a kafa makarantu masu tsaro a maimakon gidajen yari masu azuzuwa. Sai a 2024 aka buɗe ta farko, Oasis Restore, a Rochester, mai gurbin yara 49, kuma a 2025 aka rufe ta na wucin gadi saboda matsalar tsaron ginin.

Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wa'adin da alƙali ya yanka yana da ranar ƙarewa, amma matashin da ya fito ba takardar shaida, ba sana'a, yakan ci gaba da biyan bashin laifinsa shekaru da dama bayan an buɗe masa ƙofa.