Daga Tawadar Allo Zuwa Marinar Daboya



Mu mazauna Gbalahi ba sai an yi mana bayanin shara ba. Nan motoci ke juye abin da birnin Tamale ya zubar, kuma duk wanda ya bi ta gefen jujin ya ga gwangwanayen fenti da ledoji da tsummokara masu launi, waɗanda damina ke zuwa ta wuce ta bar su yadda ta same su. Wannan ne ya sa muka waiwayi wani abu da muka tashi a cikinsa ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato tawadar allo.

A zauren malam, gawayi ake niƙawa, a haɗa da ƙaro da ruwa, a tace. Yaro ya yi rubutu da alƙalamin kara, ya haddace, ya wanke a wuri mai tsarki. Ruwan ya shige ƙasa, allon ya koma makaranta kashegari. Abin da masu zane na duniya ke kira fasaha mai ɗorewa a yau, kusan wannan ne: launin da aka samo daga ƙasa, wanda kuma ƙasa za ta iya karɓa idan an gama da shi.

Babban misali yana kusa da mu. A yammacin Tamale, bakin kogin Farin Bolta, akwai garin Daboya na ƙasar Gonja, wanda ya yi suna wajen rina zaren da ake saƙa fugu, rigar da wasu ke kira batakari. Irinta Kwame Nkrumah ya sa daren da ya yi shelar 'yancin Ghana, ranar 6 ga Maris, 1957. Aikin marina aikin haƙuri ne. Ana daka ganyen baba ko na talaki, a dunƙula, a shanya. Sannan a zuba cikin rijiyar rini tare da ruwa da toka, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa. Zaren da aka tsoma yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a kan idonka. Dattin da ya kwanta a gindin rijiya ma ba a yar da shi: ana ƙona shi ya zama katsi, a mayar cikin sabon haɗi. Haka ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498.

Abin da ya karya kasuwar sananne ne. Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa shuni a ɗakin bincike, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Ya fi arha, ya fi sauri. Ba ma ganin laifin marinin da ke da bakuna goma a gida idan ya ƙara garin kanti a rijiyarsa. Laifin ya fi kusa da mu masu saye, da muke taya rigar da ta ci makonni kamar ta inji.

A arewa kuma, a Sirigu kusa da iyakar Burkina Faso, mata ne ke yi wa bango ado da jar ƙasa da fara da baƙa, su goge da dutse mai santsi, su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa don kada ruwan sama ya wanke. Wannan ai makubar kakanninmu ce. A 1997 Melanie Kasise ta kafa ƙungiyar SWOPA domin sana'ar, kuma a 2024 UNESCO ta sa fadar Tiébélé, da ke tsallaken iyaka, cikin kayan tarihin duniya. Wasu bangayen na ɗauke da siffofin dabbobi. Mu namu sai mu tsaya ga zane irin na allon zayyana.

Shawararmu ga malaman Islamiyya ita ce, a hutu mai zuwa a ware yini guda, a nemo dattijon da ya iya dafa tawada da dattijuwar da ta san makuba, a zaunar da yara gabansu. Kowane gida ya aiko da gawayi, da ƙaro ɗan kaɗan, da ƙwarya ɗaya ta jar ƙasa.