Gano Matsalar Fanka da Babban Allo a Kwamfutar Haɗi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Don haka ɗalibin Gozaki, a ƙaramar hukumar Ƙafur, yana bukatar ya saba da na'urar kafin ranar jarrabawa. Sau da yawa kwamfutar da ake samu a karkara ta haɗi ce, wato wadda aka sayo sassanta daban-daban aka harhaɗa. Idan ta tsaya, mai gyara yana Malumfashi ko Funtuwa, saboda haka malami ne zai fara duba ta.

Aikin Sassan Biyu

Babban allo shi ne faifan da ake dasa sauran sassa a kansa, kuma ta cikinsa wuta da saƙonni suke gudana. A bisansa furosesa take, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda takan ɗauki zafi idan tana aiki. Fanka ce ke fitar da wannan zafi. Idan zafin ya doshi digiri 100, kwamfutar takan rage sauri ko ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Yanayin wannan yanki yana wahalar da fanka. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussukar masara da dawa sukan toshe ta, sannan zafin bazara yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Shi kuwa babban allo, hawa da saukar wutar lantarki ko ta janareta ne suka fi yi masa illa.

Yadda Ake Bambance Matsalolin

Kwamfutar da ta tashi lafiya, ta yi aiki na 'yan mintoci, sannan ta mutu, zafi ne ya fi yiwuwa ya kashe ta. A nan sai a cire ta daga wuta, a taɓa ƙarfen akwatinta kafin a sa hannu ciki, a share ƙura da burushi mai laushi, a kuma tabbatar wayar fanka tana ramin da aka rubuta CPU_FAN. Fankar da ke gurnani ko ta ƙi juyawa sai a canza ta. Haka nan, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta yakan bushe, sai a sabunta shi.

Idan kuwa fanka tana juyawa amma hoto bai fito ba, kada a yi gaggawar yanke wa babban allo hukunci. A zare RAM a goge a mayar, a danna babbar wayar wuta mai ƙafa 24 ta zauna daram. Agogon da ke komawa baya alama ce ta mutuwar ƙaramin batir mai lamba CR2032, wanda ba shi da tsada. Sai an ga kapasito ya kumbura, ko tabon ƙuna, ko an ji ƙauri, sannan zargi zai koma kan allon, a kai wa gwani.

Kammalawa

Ƙa'idar ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha kafin mai tsada, a kuma canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani. Rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an kashe ta da sa mata sitabilaiza suna tsawaita kwananta, domin rigakafi ya fi magani.

Auna Fahimta

1. Kawo alamomi biyu da ke nuna lalacewar babban allo.
2. Bayyana yadda hunturu ke shafar aikin fanka.