Inabin Faransa da Ƙasar da ke Rainonsa

Duk wanda ya himmatu ga nazarin al'amuran Faransawa, ko da kuwa Musulmi ne da ya sakankance Shari'a ta haramta masa giya, kaɗan ɗinta da mai yawanta, ba zai fahimci tattalin arzikinsu da ladubbansu na cin abinci ba sai ya san matsayin kurangar inabi a wurinsu, domin a kanta ne larduna da dama suka gina sunansu tun ƙarnonin da suka shuɗe.

Abin da ya fi ƙayatar da ni cikin sha'anin shi ne, galibi ba su kiran jar giya da sunan inabin da aka matse, sai da sunan ƙasar da ta raine shi, har hukuma ta kafa doka a kan haka a shekarar 1935. Hujjarsu kuwa a fili take a lardin Bordo. A Medok, hagu da kogin Jirond, ƙasar tsakuwa ce wadda ba ta riƙe ruwa, tana kuma adana zafin rana har dare, saboda haka inabin Cabernet Sauvignon, mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo, wanda ba ya nuna da wuri, ya sami mazauni. A ɗaya hayin kuwa, inda laka ta yawaita, Merlot mai saurin nuna shi ya yi rinjaye. Can gabas a Burgandi, Pinot Noir ne ke sarauta, inabi mai siririn ɓawo da wuyar sha'ani, wanda rahiban Kirista suka daɗe suna lura da halinsa gona bayan gona, wanda kuma saboda kishinsa ne mai mulkin lardin, Filib, ya yi umarni a 1395 a tumɓuke inabin Gamay daga ƙasarsa.

Sirrin jar giya yana cikin ɓawo. Ruwan mafi yawan baƙin inabi ba shi da launi, sai an bar ɓawon ya tsimu a cikinsa kwana da kwanaki sa'an nan ja ya fito, tare da shi kuma bauri, irin sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jeme fata da shi, mai kama harshe ya busar da dasashi. A kan wannan baurin ne suka gina ƙa'idar haɗa abin sha da abinci, domin sun lura kitse da jan nama suna kwantar da shi, alhali barkono mai zafi yana tsananta shi. Shi ya sa mutanen Bordo ke ajiye tasu kusa da gasasshen naman ɗan rago, na Burgandi kuma, da yake tasu ba ta da nauyi, su kan haɗa ta da kaza ko agwagwa.

Wannan daula ta inabi ta taɓa kusan rushewa. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera ya shigo daga Amurka cikin dashe, yana tsotsar saiwa a ɓoye, manomi na kallon ganye yana rawaya bai san musabbabi ba, har annobar ta game yawancin gonakin Turai. Bayan an jarraba magunguna iri-iri, har da ambaliya gonaki da ruwa, sai aka gane maganin yana inda cutar ta fito, aka riƙa yi wa kurangar Turai aure da saiwar ta Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. A kan wannan saiwa mafi yawan inabin Faransa ke tsaye har yau.

Masifar ta taɓa nahiyarmu ta wata fuska mai ban takaici, domin Faransawa sun cika Aljeriya da gonakin inabi don cike giɓin, har ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giya a duniya, kafin a tumɓuke da yawa daga cikin gonakin bayan samun 'yancin kai a 1962.